Bin Sawun Bindiga Daga Rumbu Zuwa Daji

Ranar hawan sallah a Kano, ko Katsina, ko Zazzau, kafin sarki ya doso sai an ji tashin bindiga. Hayaƙin albarushi ya turnuƙe, dawakai su zabura, yara su toshe kunnuwa suna shewa. Masu wannan harbi su ne 'yan bindiga, mutanen fada da suka gaji aikin kaka da kakanni, har da sarautarsu ta Sarkin Bindiga. Shekaru 20 da suka wuce, duk wanda ya ce "ga 'yan bindiga nan tafe" a ƙasar Hausa su yake nufi, kuma jama'a matsowa suke yi su sha kallo. Yau kuwa, a faɗi wannan magana a Tsafe, ko Batsari, ko Sabon Birni, uwa za ta suri ɗanta, tsoho ya bar takalminsa a ƙofar masallaci, kowa ya yi ta kansa.

Bindigar 'yan hawan sallah ta toka ce. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna, a harba sau ɗaya, sannan a koma ɗuri, shi ya sa ake yi wa irinta laƙabi da harba-ka-ruga. Wadda ke rataye a kafaɗar ɓarawon daji kuwa AK-47 ce, ƙirar wani sojan Tarayyar Sobiyet mai suna Mikhail Kalashnikov, kuma lambar da ke cikin sunanta shekarar 1947 take nufi. Gidan harsashinta yana cin harsashi 30. Ƙurar rani ba ta hana ta aiki, ruwan damina ma haka, kuma idan ana ɗan shafa mata mai sai ta shekara 40 tana tashi. Ƙasashe da yawa sun kwaikwayi ƙirarta, daga Sin zuwa Romaniya da Bulgeriya da Masar, har ta zama bindigar da ta fi kowace yawa a fagagen yaƙin Afirka.

A Amurka, sau da yawa amsar tambayar inda mai harbi ya samo makaminsa ba ta da nisa. Matashin da ya kashe ɗalibai 19 da malamai 2 a wata firamare da ke garin Uvalde na jihar Texas a watan Mayun 2022, kanti ya shiga ya sayi bindigoginsa bisa doka, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 18. A Najeriya babu irin wannan kanti. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: makaman yaƙi, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, bindigogin farauta na zamani, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai bindigogin toka, da kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Wanda aka kama da makamin yaƙi ba izini, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 10 ne. A watan Agustan 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan bindigogi.

Duk da wannan tsauri, cibiyar bincike ta Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 6 a hannun fararen hula a Najeriya, alhali na sojoji da 'yan sanda idan an haɗa ba su kai 600,000 ba. Tun da kusan babu halattacciyar hanyar da farar hula zai mallaki AK-47, to kowace ɗaya da aka gani a daji tana da tarihi. Wata masana'anta ce ta ƙera ta, ta buga mata lamba, wata gwamnati ta saya ta shigar a littafi, sannan wani mutum, a wani wuri, ya sake ta.

Hanyar Sahara

Idan aka tambayi mutum goma a majalisa daga ina makaman nan ke fitowa, tara za su ce daga Libiya. Suna da hujja. Mu'ammar Gaddafi ya shafe shekara 42 yana tara makamai da kuɗin man fetur, kuma da gwamnatinsa ta faɗi a 2011 sai aka wayi gari rumbunan a buɗe, ba mai gadi. Duk mai mota ya ɗiba. Kayan suka gangaro kudu ta Sabha, suka ratsa mashigar Salvador da ke kusurwar da Libiya da Aljeriya da Nijar suka haɗu, suka nufi Agadas. Kusan hanyar da ayarin fataken Gadamas ke bi zuwa Kano da tufafi da takarda a ƙarni na 19 ce, sai dai Toyota ta maye gurbin raƙumi.

Mali ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. Mayaƙan Abzinawa da suka dawo daga Libiya da manyan makamai sun tayar da tawaye a Janairun 2012, kuma kafin tsakiyar Afrilu Kidal da Gao da Timbuktu duk sun fita daga hannun gwamnati. A Zamfara, masanin tarihi Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya bi diddigin ƙungiyar ɓarayin daji ta farko zuwa shekarar 2011, wato shekarar da rumbunan Libiya suka fashe. Shugaba Muhammadu Buhari ya sha nanata wannan alaƙa, har a ganawarsa da shugaban cocin Ingila, Justin Welby, a Landan cikin Afrilun 2018.

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne da gonaki. Akwai shingen kwastam a Illela da Jibiya da Kwangwalam da Maigatari, amma tsakanin kowane shinge da na gaba akwai ɓarauniyar hanya ba iyaka, wadda masu fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur suka san ta kamar tafin hannunsu. Jama'ar ɓangarorin biyu dangi ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, aure ɗaya. Babur ɗin da ya fita da jarkokin mai da daddare yana iya dawowa da wani kaya dabam kafin asuba.

Sai dai dogaro da labarin Libiya kaɗai yana rufe ido daga sauran ƙofofi. Akwai wata ƙungiya a Ingila mai suna Conflict Armament Research, wadda aikinta shi ne zuwa inda aka ƙwace makamai, ta ɗauki hoton lamba da tambarin kowace bindiga, sannan ta rubuta wa masana'anta da ƙasar da ta sayar tana tambayar wanda aka fara sayar wa. Tun a rahotonta na 2016 kan yankin Sahel ta lura cewa kwararar makaman Libiya ta fara ja da baya, domin 'yan Libiya da kansu sun koma yaƙi suna bukatar kayansu. A Janairun 2020 ta fitar da wani rahoton kan makaman da aka ƙwace a Kaduna da Katsina da Zamfara. Ta samu na Libiya a ciki. Ta kuma samu waɗanda suka fito daga rumbun sojojin Kwaddibuwa, ƙasar da ta sha fama da yaƙin basasa tsakanin 2002 da 2011, da bindigogin Turkiyya da suka shigo ta teku, da ƙirar maƙeran gida. Sannan ta samu waɗanda asalinsu na jami'an tsaron Najeriya ne.

Tsagewar bangon gida

Wannan rukuni na ƙarshe shi ne ya fi ciwo, kuma shi ne aka fi jin nauyin faɗa. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka, UNODC, ya bayyana a rahotonsa na 2023 cewa babban tushen makaman da ke yawo a Sahel shi ne rumbunan rundunonin ƙasashen yankin da kansu. Hanya uku suke fita: ƙwace a fagen daga, sata, da kuma sayarwa.

Ƙwacen shi ne wanda kowa ke gani. Lokacin da Boko Haram ta mamaye sansanin rundunar haɗin gwiwa da ke Baga a Janairun 2015, da lokacin da ƙungiyar ISWAP ta afka wa sansanin Metele a Nuwamban 2018, bayan rayukan da aka rasa an kuma yi awon gaba da bindigogi da akwatunan harsashi da motoci. Haka aka yi a Inates ta Nijar a Disamban 2019, inda sojoji 71 suka kwanta dama, da Boma ta Chadi a Maris na 2020. Ɓarayin dajin arewa maso yamma sun koyi wannan darasi. A Satumban 2021 sun kai hari sansanin Mutumji da ke yankin Ɗansadau, suka kashe jami'ai 12, suka kwashe makamai, suka cinna wa wurin wuta. Duk ƙaramin sansanin da aka ajiye a lungu, babu isassun dakaru, babu ɗaukin gaggawa, a idon maharan rumbu ne da ke jiran masu ɗiba. A kudu ma, ofisoshin 'yan sanda da aka ƙona a wata tarzoma ta Oktoban 2020 da wasu hare-hare a kudu maso gabas a 2021 sun yi asarar bindigogi masu yawa.

Sayarwar ita ce ake yi a ɓoye. A Satumban 2016, Manjo Janar Lucky Irabor, wanda ke jagorantar yaƙi da Boko Haram a lokacin, ya tabbatar wa 'yan jarida cewa an samu wasu sojoji da ke sayar da makamai da harsashi, ya kira abin cin amanar ƙasa. Shekara takwas bayan haka, a Oktoban 2024, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Malam Nuhu Ribadu, ya tsaya a bainar jama'a a Abuja ya ce kaso mai tsoka na makaman da ake aikata ta'asa da su asalinsu na gwamnati ne, ya kuma yi Allah wadai da duk ɗan sanda ko sojan da zai ɗauki makami daga rumbun rundunarsa ya sayar wa waɗanda za su juyo su kashe abokan aikinsa.

Girman tsagewar ya fito ne a rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019. Rahoton ya ce ya zuwa Disamban 2018, makaman 'yan sanda 178,459 ne aka lissafa a matsayin ɓatattu, 88,078 daga cikinsu AK-47. Ya ƙara da cewa akwai wasu bindigogi 3,907 da aka kasa ba da bayaninsu ya zuwa Janairun 2020. Da kwamitin majalisar dattawa ya tayar da batun a Fabrairun 2025, rundunar ta musanta cewa haka lamarin yake, ta ce wasu makaman suna hannun jami'an da suka fita aiki lokacin da masu bincike suka zo, wasu kuma an ƙwace su ne a hare-hare, an kuma gano da dama. Ko da an ɗauki bayanin rundunar gaba ɗaya, ya nuna cewa littafin shiga da fitar makamai bai da ingancin da baƙo zai buɗe ya san inda kowace bindiga ta kwana. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Cikin kwantena

Ƙofa ta uku tana bakin teku, nesa da dazukan ɓarayi irin na Rugu da na Kamuku. A ƙarshen Janairun 2017 jami'an kwastam suka tare wata babbar mota a Legas, suka buɗe kwantenar da ta ɗauko, sai ga bindigogi 661 a ɓoye tsakanin ƙofofin ƙarfe. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kwantenar ta riga ta fito daga tashar Apapa, an sa hannu a takardunta, an sallame ta. A watan Mayu aka kama wasu 440 a tashar Tin Can. A Satumba aka kama 1,100 da aka rubuta a takarda cewa kwanonin wanke hannu ne, bayan 'yan kwanaki kuma wasu 470 da aka ce kayan famfo ne. A shekara guda, bindiga 2,671, kuma sawunsu ya nufi Turkiyya.

Irin waɗannan bindigogi ba na soja ba ne. Na farauta ne na zamani, masu cin harsashi da yawa a ɗuri ɗaya, waɗanda 'yan fashi da 'yan daba da 'yan bangar siyasa ke so, haka ma masu gadin unguwa. Cinikin bai tsaya ba. A farkon Yulin 2024 shugaban hukumar kwastam, Adewale Adeniyi, ya baje kolin bindigogi 844 da harsashi 112,500 da aka kama a tashar Onne ta jihar Ribas, su ma daga Turkiyya, an cusa su cikin ƙofofi da kujeru da kayan famfo da jakunkunan fata.

Wani lokaci kayan sukan wuce na 'yan fashi. A Oktoban 2010 an buɗe kwantena 13 a Apapa da aka ce kayan gini ne daga tashar Bandar Abbas ta Iran, sai aka tarar da rokoki da gurneti da harsasai. A 2013 kotu a Legas ta ɗaure wani ɗan Iran da wani ɗan Najeriya shekara biyar-biyar kan lamarin.

Kowace kwantena tana da mai odar kaya, da wakilin da ya cike takardu, da jami'in da ya duba ko ya ƙi dubawa, da direban da ya ɗauka, da mai sito da zai sauke. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke kwana a daji. Suna cikin gari, suna da ofis da lambar waya, wasunsu ana ba su sahun gaba a wurin taro.

Wutar maƙera

Ƙirar bindiga tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. A ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimu yana da maƙeran da ke zuba masa igwa da haɗa albarushi a cikin birnin Zinder. Maƙeran Awka ta jihar Anambra sun yi suna a kudu tun kafin zuwan Turawa. A ƙauyukan Hausa kuwa, maƙerin da ke yi wa manomi fartanya da galma shi ne ke yi wa maharbi bindigarsa ta kashe gada da zomo, kuma ba wanda ke ganin laifinsa.

Abin da ya sauya shi ne kayan aiki da masu saye. Injin walda da injin gurza ƙarfe sun shiga inda zuga-zugi da uwar maƙera suke a da. Binciken da Small Arms Survey ta wallafa a 2018 ya nuna cewa maƙeran Najeriya sun wuce bindigar toka, suna ƙera ƙananan bindigogi da na farauta, wasu har suna kwaikwayon bindigogin soja. Jami'an tsaro sun sha bankaɗo irin waɗannan maƙeru a Filato da kudancin Kaduna da Binuwai, wuraren da rikicin ƙabilanci da na manoma da makiyaya ya daɗe yana ci. Ƙirar gida ba ta da ƙarkon ta masana'anta, wani lokaci ma takan fashe a hannun mai ita, amma tana da arha, ba ta tsallaka iyaka balle a tare ta, kuma ba ta da lambar da za a bi sawunta. Ita ce bindigar ɗan fashin kan hanya, ita ce kuma ta ɗan banga mai tsaron ƙauyensu.

Harsashi da 'yan aike

Bindiga sau ɗaya ake saye, harsashi kuwa kullum ƙarewa yake yi. Dabar da ke da mayaƙa 100 tana iya ƙone dubban harsasai a arangama ɗaya, saboda haka dole hanyar kawo shi ta kasance a buɗe mako bayan mako. Maƙeri yana iya ƙera bututu da kunama, amma harsashin AK-47 aikin masana'anta ne. Duk wanda aka tsinci kwansonsa a kasuwar da aka kai wa hari, ko dai daga wani rumbun gwamnati ya fito, ko ya tsallako iyaka.

A nan ne 'yan aike ke shigowa. Waɗanda 'yan sanda ke baje kolinsu a Gusau da Katsina da Kaduna galibi ba su yi kama da mayaƙa ba. Akwai direban haya, akwai ɗan acaɓa, akwai mace da goyo. An kama harsashi cikin buhun hatsi, an kama cikin jarkar manja, an kama a jikin mota inda aka yi masa maɓoya. A 2021 'yan sandan Zamfara sun gabatar da wata mata da aka kama da harsashi kusan 1,000. Ladan ɗan aike kaɗan ne idan aka kwatanta da ribar dillali, amma shi ke fuskantar shingen bincike, shi ne kuma fuskar da ake gani a talabijin. Dillalin da ya aiko shi da wanda ya buɗe rumbu tun farko ba kasafai sunansu ke fitowa a kotu ba.

Kuɗin sayen kayan daga jikin waɗanda ake kashewa yake fita. Da farko shanun sata ne, a kora garke a sayar a sayi bindiga, da bindigar a kora garken da ya fi shi. Daga baya garkuwa da mutane ta zo da kuɗin fansa, sai harajin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi shuka ko girbi. Manomin da ya sayar da gonarsa don ya fanso 'yarsa, da kuɗinsa ake sayen harsashin da za a dawo da shi ƙauyen maƙwabta. Ga kuma zinare. Halilu Sububu, wanda jami'an tsaro da masu bincike suka daɗe suna ambata a matsayin babban dillalin makamai na dazukan Zamfara, ya riƙe wuraren haƙar zinare a yankin Anka kafin sojoji su kashe shi a Satumban 2024. Zargin musayar zinare da makamai na cikin dalilan da suka sa gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a Afrilun 2019, ta kuma hana shawagin jirage a samaniyarta a Maris na 2021, bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe. A arewacin Mali, rahoton UNODC ya nuna ana samun bindiga samfurin AK a kan dala 750 a yankunan Gao da Timbuktu da Menaka, kuɗin da fansar mutum ɗaya ke iya biya.

Tsoro ma mai saye ne

Ba ɓarawo kaɗai ke neman bindiga ba. Rikicin Zamfara ya yi ƙamari ne lokacin da kowane ɓangare ya yanke ƙauna daga hukuma. Manoman da aka addaba da sata suka kafa 'yan sa-kai, ana karo-karo gida-gida a sayi makami. 'Yan sa-kai suka riƙa kashe Fulani a kasuwanni ba shari'a, mai laifi da marar laifi. Makiyayin da aka kashe wa ɗan'uwa, ko aka ƙona wa ruga, ya sayar da saniya ya sayi tasa bindigar. Dillali ɗaya yana iya cin kasuwar ɓangarorin biyu, kuma kowane sabon hari talla ce a gare shi.

Gwamnatoci sun gwada janye makaman da lallashi. A Yulin 2020 Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa AK-47 ɗaya. A Fabrairun 2021 Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, ya zo Gusau ya rantse da Alƙur'ani, ya miƙa bindigogi kusan 20. Kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, can kuma aka kashe shi a faɗa da wata daba. Mutumin da ya ajiye makamai a gaban kyamara bai sha wahalar samun wasu cikin 'yan makonni ba, domin hanyar da ta kawo na farkon tana nan yadda take.

Da lallashi ya ci tura, sai aka juya ɗaya gefen. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta umarci jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19 na jihar. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Mutumin ƙauyen da ya binne 'ya'yansa yana da dalilin da zai sa ya goyi bayan gwamnan, kuma da wuya a kalli idonsa a ce masa ya yi kuskure. Amma bindigar da aka saya don tsaro ba ta komawa kanti idan ƙura ta lafa. Takan shiga rikicin gona, ta shiga rikicin zaɓe, a sace ta, ko mai ita ya shiga matsi ya sayar.

Aikin lamba da littafi

Dabarun toshe waɗannan ƙofofi sanannu ne, kuma yawancinsu aikin alƙalami ne da haƙuri. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a Yunin 2006 ta kuma fara aiki a 2009, ta wajabta wa ƙasashe su buga wa kowace bindigar gwamnati alama, su ajiye rajista, su kuma nemi izinin ƙungiyar kafin shigo da makamai. Idan kowace bindiga tana da alamar rundunar da ta mallake ta, kuma akwai rajista a kwamfuta da ke nuna sunan wanda ya karɓa da ranar da ya dawo da ita, to duk wadda aka ƙwato a daji za ta nuna rumbun da ta fito da jami'in da za a tambaya. Haka harsashi, wanda ke ɗauke da tambarin masana'anta da shekarar ƙira a gindinsa. A tashoshin ruwa kuma, na'urar haska kwantena mai aiki da jami'in da ya san za a hukunta shi su ne shingen. A kan iyaka, babu abin da zai yiwu sai da haɗin kan Nijar, wanda ya yi rauni tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da ficewarta daga ECOWAS.

Najeriya ta kafa cibiyar ƙasa ta yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai a Mayun 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba da shawara kan tsaro, kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ba ta ƙarfi a Yunin 2024. Cikin ayyukanta har da karɓar makaman da sojoji da 'yan sanda da kwastam suka ƙwace, domin bindigar da aka jibge a ɗakin ajiyar shaida shekara da shekaru tana iya sake sulalewa ta koma inda ta fito. Saboda haka ake ƙona su, a yayyanka ƙarfen. A taron Oktoban 2024 da Malam Nuhu Ribadu ya yi waccan magana kan makaman gwamnati, a barikin Giri da ke gefen Abuja, bindigogi sama da 2,400 aka cinna wa wuta a gaban manyan hafsoshi da 'yan jarida. Kwantenoni huɗu da aka kama a Legas a 2017 kaɗai sun ɗauko fiye da haka.